Waiwaye: Musun gwani na gwanaye da inda aka ajiye masu tseren keke

A ƙarshen 1999, da ƙarni ya zo ƙarewa, manyan kafafen labarai na Turai da Amurka suka tashi raba gardama a kan wanda ya fi kowa a fagen wasanni cikin shekara ɗari. BBC ta ba Muhammad Ali, mujallar Sports Illustrated ma ta ba shi. Tashar ESPN ta ce Michael Jordan na ƙwallon kwando ne, ta sa Babe Ruth ɗan wasan besbol na biyu, Ali na uku. Kamfanin dillancin labarai na AP kuwa Babe Ruth ɗin ya ɗora a sama. Shekara guda bayan haka FIFA ta gwada nata a ƙwallon ƙafa kaɗai, Maradona ya lashe ƙuri'ar intanet, kwamitin da ta kafa ya zaɓi Pele, aka ƙare da raba musu kyautar. Jerin ESPN na 'yan Arewacin Amurka ne zalla, har dawakin sukuwa uku sun samu shiga cikin ɗarin, amma Pele bai cancanci a duba shi ba, balle wani ɗan Beljiyam mai suna Eddy Merckx, wanda a duniyar tseren keke aka daɗe da sallama masa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tushen wannan musu a zamanin nan yana komawa gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm. Jim Thorpe, ɗan asalin Indiyawan Amurka, ya lashe gasar wasanni biyar da ta wasanni goma, wato gudu da tsalle da jifa a haɗe. An ce Sarki Gustav na Biyar na Suwidin, yana miƙa masa kyauta, ya gaya masa cewa shi ne ɗan wasa mafi girma a duniya. Daga nan aka samu mudu na farko: gwani shi ne wanda jikinsa ya iya komai. A 1913 aka ƙwace lambobin Thorpe saboda an gano ya taɓa karɓar 'yan kuɗi yana buga wasan besbol, ba a mayar wa iyalinsa ba sai a 1983, shekara talatin bayan rasuwarsa. Duk da haka, a ƙuri'ar AP ta 1950 shi aka zaɓa gwarzon rabin ƙarni.

Ali ya zo da mudu na biyu. In lissafi za a bi, bai kai wasu ba: an doke shi sau 5 cikin karawa 61, alhali Rocky Marciano ya yi 49 ba a taɓa doke shi ba. Abin da ya ɗaga Ali shi ne ƙin tafiya yaƙin Biyatnam a 1967, da ƙwace masa kambu da hana shi dambe fiye da shekara uku yana tsakiyar ƙarfinsa, da dawowar da ya yi ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974. Masu zaɓensa suna auna nauyin mutum a bayan fage ne. Mudu na uku na masu ƙirge ne, su ne ke kawo Michael Phelps da lambobin zinare 23 a Olamfik. Sai dai mai ninƙaya yana iya shiga gasa takwas a zama ɗaya, kamar yadda Phelps ya yi a Beijing a 2008, ɗan dambe kuwa lamba ɗaya ce gabansa duk bayan shekara huɗu. Akwai kuma masu cewa a duba tazarar da mutum ya ba sa'o'insa, su kan kafa hujja da Don Bradman na Ostareliya, wanda matsakaicin makinsa a wasan kurket ya kai 99.94, yayin da manyan da ke bin sa ke kewayen 60.

To ina masu keke? Kafin a amsa, sai an san irin wahalar da ake magana a kai. Gasar Tour de France, wadda wata jaridar Faransa ta ƙirƙira a 1903 don ta ƙara ciniki, mako uku ake yi ana ta, zango 21, kimanin kilomita 3,500, a haye duwatsun Alps da Pyrenees, hutun kwana biyu kawai. Tana da 'yan'uwa biyu, Giro ta Italiya da aka fara a 1909 da Vuelta ta Sifaniya da aka fara a 1935. Ban da su akwai manyan tserukan yini ɗaya guda biyar, da gasar zakarun duniya. Kowane irin tsere da jikin da yake so. Mai hawan dutse siriri ne mara nauyi, mai fizgar ƙarshe kakkaura ne, mai bin hanyar duwatsun daɓe ta arewacin Faransa sai ƙaƙƙarfa. Shi ya sa yawancin zakaru a ɓangare ɗaya suke suna.

Wanda aka fara kira gwanin gwanaye bayan yaƙin duniya na biyu shi ne Fausto Coppi na Italiya. Ya ci Giro sau biyar, shi ne kuma na farko da ya haɗa Giro da Tour a shekara guda, a 1949, ya maimaita a 1952. Yaƙi ya cinye masa shekarun ƙuruciya, har an kama shi fursuna a Tunisiya a 1943. Ajalinsa kuma daga yankinmu ya ɗauko shi: a Disambar 1959 ya je tsere da farauta a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, likitocin gida ba su gane cutar da wuri ba, ya rasu ranar 2 ga Janairun 1960 yana da shekara 40. Har gobe akwai Italiyawan da ke cewa Merckx ya fi ƙarfi amma Coppi ya fi girma, hujjarsu ita ce shekarun da yaƙi ya ɗauke.

Merckx, wanda aka haifa a 1945, shi ne ya rushe wancan rabon aiki na kowane tsere da gwaninsa. Ana lissafa masa nasara 525. Tour sau biyar, Giro sau biyar, Vuelta sau ɗaya, zakaran duniya sau uku a matsayin ƙwararre, manyan tserukan yini ɗaya sau 19, ciki har da Milan zuwa San Remo sau bakwai. A Tour ɗinsa na farko, 1969, ya kwashe rigar jagora ruwan ɗorawa da koriyar rigar maki da kyautar hawan dutse gaba ɗaya, abin da ba a sake yi ba. A wani zango na wannan shekarar, yana kan gaba da tazarar da ta ishe shi ya lallaɓa, sai ya ɓalle shi kaɗai na kusan kilomita 140 zuwa garin Mourenx, ya iso da kusan minti takwas tsakaninsa da masu bin sa. Wannan rashin barin ko ɓarɓashi ne ya jawo masa laƙabin Maci Naman Mutane. Kuma duk abin da ya yi bayan Satumbar 1969 da ciwon baya ya yi shi, sakamakon hatsari a filin tsere na Blois, inda mai babur ɗin da ke ja masa gaba ya mutu. Faransawa sun gaji da shi har wani ɗan kallo ya kai masa naushi a ciki yana hawan Puy de Dôme a 1975, shekarar da ya ƙare na biyu.

Masu suka suna da abin faɗa. A zamaninsa 'yan ƙasashe kaɗan na yammacin Turai ne ke cika tseren, 'yan Tarayyar Sobiyet da maƙwabtanta ba sa shiga sahun ƙwararru, Ba'amurke bai ci Tour ba sai Greg LeMond a 1986, ɗan Kudancin Amurka sai Egan Bernal na Kolombiya a 2019. Sannan an kama shi sau uku a gwajin ƙwayoyi, a 1969 da 1973 da 1977, na farkon ya sa aka kore shi daga Giro yana kan gaba, ya kuma sha musanta shi.

Akwai ma'auni guda da ya ɗan taimaka wajen kwatanta zamani da zamani, wato nisan da mutum zai yi shi kaɗai cikin awa ɗaya a zagayen fili. A Oktoban 1972 a birnin Meziko Merckx ya yi kilomita 49.431. Daga 1984 aka riƙa wuce shi da kekuna masu sabon ƙira, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce a koma irin kekensa. A 2000 Chris Boardman na Ingila, gwanin wannan fanni, ya gwada da keken gargajiya, ya wuce Merckx da mita goma kacal bayan shekara 28. Da aka sake sakin doka, Filippo Ganna ya kai kilomita 56.792 a 2022. Ke nan kaso mai yawa na bambancin jiya da yau a ƙarfe da sutura da ilimin iska yake.

Abin takaici, ranar da tseren keke ya shiga musun Amurkawa sosai, ta hannun Lance Armstrong ya shiga. Ya warke daga cutar daji, ya ci Tour sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, AP ta ba shi gwarzon shekara sau huɗu a jere. Ko a lokacin masana keke ba su sa shi kusa da Merckx ba, domin kusan duk shekararsa a kan tsere guda yake gina ta. A 2012 hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ta fallasa shi, UCI ta soke nasarorin ta bar gurbin shekarun bakwai babu zakara, shi kuma ya amsa laifi a hirarsa da Oprah Winfrey a Janairun 2013. Tun daga nan duk mai keken da ya yi abin mamaki sai an fara tambayar me ya sha, wannan zargi kuma ya ƙara ture su gefe a duk jerin da ya haɗa wasanni.

Mata ma an daɗe ana tsallake su. Beryl Burton ta Ingila a 1967 ta yi mil 277.25 cikin awa 12, ta zarce bajintar maza ta lokacin a ƙasarta. Marianne Vos ta Holan ta ci zinaren Olamfik a fili a 2008 da kan titi a 2012, ga kambun duniya a titi da cikin laka.

A ganina, in har za a haɗa ɗan dambe da mai ninƙaya da mai keke a faifai ɗaya, tambayar da ta fi adalci ita ce nawa mutum ya bar wa sa'o'insa. A wannan Merckx na zaune tare da Bradman, kuma rashin jin sunansa a gidajen kallon ƙwallo, inda Messi da Ronaldo suka cinye hira, batun talabijin ne.

Musun cikin gida na masu keke kuwa ya sake buɗewa. Mark Cavendish ya karya tarihin Merckx na cin zango 34 a Tour a 2024, shekarar da Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango uku da koriyar riga. Amma mai barazana ta gaske shi ne Tadej Pogačar na Suloveniya, haifaffen 1998. A 2024 ya haɗa Giro da Tour da gasar duniya, abin da Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987 ne kawai suka yi a maza. A Satumbar 2025 ya kare kambunsa na duniya a Kigali, karo na farko da aka yi gasar a Afirka. Zuwa ƙarshen kakar 2025 yana da Tour huɗu da manyan tserukan yini ɗaya guda 10, bai ci Vuelta ba, bai ci Milan zuwa San Remo ba, bai ci Paris zuwa Roubaix ba, yana kuma da shekara 27.