Yadda ƙwayar halitta ke kare kanta idan matsi ya zo: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya ratsa gonakin Dukku ko Bajoga a lokacin da ruwan sama ya ɗauke tsakiyar damina, zai ga ganyen dawa ya nannaɗe da rana tsaka, da yamma kuma ya buɗe. Wannan aikin ƙwayoyin halittar ganyen ne, kuma irinsa na gudana a cikin bakteriya da jikin ɗan Adam.

Me ake nufi da matsi a wajen abin da ba shi da zuciya balle damuwa?

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar sashe mai rai: bakteriya ƙwaya ɗaya ce tak, mutum kuwa yana da wajen tiriliyan 30. Matsi a gare ta shi ne duk abin da ke neman ɓata kayan aikinta, kamar zafi, ƙishirwa, yunwa, ƙarancin iskar oksijin, guba, ko harin wata halitta. Yawancin kayan aikin nan furotin ne, wanda ba ya aiki sai ya naɗe cikin siffa ta musamman. Farin ƙwai da ya daskare a kasko furotin ne da zafi ya rusa wa siffa.

To, me ƙwayar ke yi idan zafi ya yi yawa?

A shekarar 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa da aka ƙara zafin akwatin da yake renon tsutsotsin ƙudan 'ya'yan itace, wasu sassan sinadarin gadonsu, wato abin da ke ɗauke da halayen da ake gada daga iyaye, da suke kwance sun tashi da aiki nan take. Daga baya aka gane cewa ƙwayar tana rage aikinta na yau da kullum, ta koma ƙera wasu furotin masu riƙe waɗanda suka fara warwarewa har su mayar da su siffarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an sami wannan tsari a bakteriya da yis da tsirrai da mutum, kusan iri ɗaya.

Me ya sa wasu ƙwayoyin cuta ke da taurin rai?

Domin sun iya kwanciya su yi lamo. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki, takan ƙunshe kanta cikin ɓawo mai tauri ta zauna a ƙasa shekaru, kuma tafasar ruwa ba lallai ta kashe wannan ɓawon ba. Shi ya sa asibiti ke dafa kayan tiyata a tururi mai zafin digiri 121. Ruwan sha dai a ci gaba da tafasa shi, don kwalara da taifot ba su jure tafasa.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi damuna. A 1944 likita Joseph Bigger ya nuna cewa idan aka zuba wa bakteriya fenisilin, 'yan kaɗan kan tsira saboda sun dakatar da girma, magani kuwa masu girma yake kamawa. Ƙwayar tarin fuka ta ƙware a wannan, shi ya sa maganinta yawanci ke ɗaukar wata 6. Majinyacin da ya ji sauƙi bayan wata 2 ya ajiye magani, ya bar waɗanda suka yi lamo su farka, kuma ya buɗe ƙofa ga nau'in da magani ba ya ci.

Tsiro ba ya iya gudu. Yaya yake yi?

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da iska ke shiga, ruwa kuma ke fita. Idan ƙasa ta bushe, tsiron yakan tara wani sinadari da ke sa ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira, amma iskar da ake haɗa abinci da ita ta daina shiga, don haka farin da ya daɗe ke rage zangarniya ko da dawar ba ta mutu ba. Dawa ƙarama da gyauronta, musamman idan fari ya taɓa su, suna ɗauke da sinadarin da ke komawa gubar sayanaid a cikin tumbin dabba, abin da makiyaya suka daɗe da sani tun kafin a ba shi suna.

Labarin ƙuduji ya fi wannan ban tausayi. Idan ƙasa ta gaji, sinadarin fosfaros ya yi ƙaranci, saiwar dawa da gero kan fitar da wani sinadari don kiran wasu ƙananan halittun ƙasa masu taya ta samo abinci. Irin ƙuduji, wanda kan kwanta a ƙasa sama da shekara 10, wannan kiran yake jira ya tsiro ya maƙale wa saiwar. Manomin da ya ce ƙuduji ciwon gonar da ta gaji ne bai yi kuskure ba, kuma taki da juya shuka da waken suya ko gyaɗa na cikin maganinsa.

A jikin mutum fa?

Idan oksijin ya yi ƙaranci, wani furotin da ƙwayar ke rushewa kullum yakan taru, ya umarci ƙoda ta saki sinadarin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Wannan bincike ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza lambar yabo ta Nobel a 2019. Ga mai amosanin jini kuwa, ƙarancin oksijin kan lanƙwasa jajayen ƙwayoyinsa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ya sa zazzaɓi da ƙishirwa da sanyin hunturu ke tayar masa da ciwo.

Idan gyara ya gagara fa?

Sai ƙwayar ta kashe kanta cikin tsari, maƙwabtanta su kwashe ɓaraguzan. Wani furotin mai suna p53, da aka gano a 1979, yana cikin masu yanke wannan hukunci idan sinadarin gado ya lalace: yakan tsayar da rabuwar ƙwayar har a gyara, in ya ƙi gyaruwa ya ba da umarnin mutuwa. A kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam, an tarar wannan furotin ɗin ne ya lalace, ƙwayar da ya kamata ta mutu ta ci gaba da hayayyafa.