Wuyar tashin injin dizal a ƙaramar tarakta

Wuyar tashi matsala ce da ke samun injin dizal, inda za a murza makulli ya yi ta juyawa bai kama ba, ko ya kama bayan an sha fama, ko ya ƙi motsi sam. Tana yawan faruwa a ƙananan taraktoci masu ƙarfin doki 20 zuwa 50, waɗanda galibinsu silinda uku gare su, irin su Kubota, Yanmar, Mahindra da ƙananan Massey Ferguson. A ƙasar Sakkwato lokaci biyu aka fi kuka da ita. Na farko asubahin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ake aikin rani a fadamun Gulbin Rima, wajajen Goronyo da Wurno da Kware. Na biyu faɗuwar damina, cikin watan Yuni, idan aka zo tayar da taraktar da ta yi watanni a ajiye ba a ko leƙa ta ba.

Yadda injin ke kamawa

Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya samu nasarar tayarwa a 1897, ba shi da fulogin tartsatsi irin na injin fetur. Iska zalla yake shaƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 23 na girmanta. Wannan matsi shi ke sa ta ɗau zafi fiye da digiri 500, sai nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Saboda haka abu uku injin ke nema kafin ya tashi: ya juya da sauri yadda zafin ba zai tsere ta jikin ƙarfe ba, mai ya iso da ƙarfinsa kuma a kan lokaci, sannan silinda ta riƙe iskar da ta shaƙa. Duk wata wuyar tashi daga ɗayan ukun nan take, ko daga biyu da suka haɗu.

Yawancin ƙananan injuna na da hita a kan kowace silinda, wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙusa da bakinsa ke yin jajir idan an riƙe makulli na 'yan daƙiƙoƙi kafin a yi kik. Tsofaffin injunan Perkins kuwa hita ɗaya gare su a bututun shigar iska, wanda ke ƙona ɗan mai ya ɗumama iskar. Sanyin Sakkwato bai kai ya daskarar da dizal ba yadda ake gani a Turai, domin ko a tsakiyar hunturu dare kan tsaya wajen digiri 15 ne. Amma ya isa ya tona asirin injin da ya riga ya gaji.

Abin da kunne da ido ke nunawa

Gwanin bakanike ba ya fara ɗaukar sifana. Sai ya sa a murza makulli, ya kasa kunne, idonsa na kan salansa.

Idan shiru aka ji, ko ɗan "ƙas" guda, matsalar ta wuta ce, kuma sau da yawa ba matsala ba ce ma. Taraktocin zamani na da makullan kariya da ke hana kik aiki in giya ba ta furi, ko ba a taka kuloci ba, ko sandar da ke juya kayan aikin da ake jonawa a bayan tarakta tana kunne, ko babu kowa a kujera. Akwai kuma fiyus, da wayoyin da ɓera ke ci idan an ajiye tarakta kusa da rumbu. Idan injin na juyawa a kasale, kamar mai jan ƙafa, batir ne ko wayoyinsa. Idan kuwa yana juyawa da kuzari, hayaƙi ne zai ba da labari. Babu hayaƙi ko kaɗan: mai ba ya isowa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal: man na zuwa amma bai samu zafin kamawa ba, wato hita ta mutu ko matsi ya ragu ko nozul na ɗiga maimakon feshi. Baƙin hayaƙi na nufin iska ta yi kaɗan. Shuɗi-shuɗi kuma man inji ne ke ƙonewa.

Batir da kik

Cikakken batir na nuna bolt 12.6, wato ma'aunin ƙarfin wuta, a mita idan ya huta. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a bar mita a kai a yi kik. In ya faɗi ƙasa da 9.6 ko kusa da haka, batirin ba zai iya aikin ba ko da fitilu na haske tar. Idan injin ya tashi, ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5, alamar cewa ana caji.

Masu tarakta kan ɗora wa hunturu laifin mutuwar batir, alhali zafin bazara ne ya kashe shi. A Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruwan batir na ƙafewa, farantansa na lalacewa, sai dai ba a ganewa sai sanyi ya zo man inji ya yi kauri. Ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba. A duba kawunan batir ɗin: farin gari ko kore-kore da ke taruwa a kansu kamar kanwa na tare wuta ƙwarai. Akan cire waya, a wanke da ruwan zafi, a goge har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam. Haka ma wayar da aka ɗaure a jikin tarakta, wadda kusan kowa ke mantawa da ita.

Ba a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. A sake shi, a ba shi kamar minti ɗaya ya huce.

Mai

Nan ne gizo ke saƙar. Dizal, wanda a nan aka fi kira gas, ba safai yake tafiya kai tsaye daga gidan mai zuwa tankin tarakta ba. Gonar na nesa, sai an bi da shi ta duro da jarka da mazurari, wani lokaci daga hannun 'yan bumburutu, kuma kowane zango da abin da yake kwasa: yashi, tsatsa, ruwa, ko kananzir da aka gauraya. Kananzir ba shi da santsin dizal, babban famfon da ke tura mai zuwa nozul kuwa da man da yake turawa yake samun maiƙo, don haka cinsa yake a hankali. Ruwa ya fi shi ɓarna. Tankin da ya kwana da rabin mai kan yi gumi ta ciki idan dare ya yi sanyi, musamman da damina, shi ya sa ake son a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki.

Ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan kofi, na gilashi ko na roba mai nuna ciki. A ɗaga ido a dube shi da hasken rana. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili, dizal na samansa kamar mai a kan miya. A wasu taraktocin akwai jan zobe da ke tasowa in ruwa ya taru. Idan an ga haka a rufe famfon tanki, a zubar, a wanke kofin da dizal mai tsabta. Baƙin kumfa mai yauƙi kuwa ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa tsakanin ruwa da mai, kuma sai an wanke tankin baki ɗaya, in ba haka ba sabuwar filta ma kwana kaɗan za ta yi.

Kafin a yi nisa, a duba ƙananan abubuwan da ke ba mutum kunya. Akwai mai a tankin, ko allurar ce ke ƙarya? An mayar da igiyar kashe inji ciki? A injin da ake kashewa da makulli, akwai ɗan maganaɗisu a jikin famfo da ke buɗe hanyar mai, ana jin ƙararsa in an kunna makulli. In ba a ji ba, a bi fiyus da wayarsa. Murfin tanki ma na da ƙofar numfashi, wadda ƙura ko zanzaro kan toshe. Alamarta ita ce injin ya yi aiki ya mutu, in an buɗe murfin a ji ya ja iska.

Abin da ya fi yawa shi ne a ce injin "ya sha iska". Hakan na faruwa in mai ya ƙare ana cikin aiki, ko bayan canjin filta, ko ta tiyon da rana ta busar ya tsattsage. Iska na matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka famfo sai ya yi ta tura kumfa nozul bai buɗe ba. Daga tanki ake faro cire ta, a bi hanyar man. A sassauta ɗan notin da ke saman filta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, a ɗaure. A maimaita a notin jikin babban famfo. In har yanzu bai kama ba, a sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul, a buɗe totur, a yi kik har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure. Sau da yawa kafin a gama ɗaure na biyu injin ya fara tari ya kama. Idan kullum da safe sai an yi wannan aiki, to akwai inda iska ke shiga cikin dare, kuma ba lallai a ga ɗigon mai a wurin ba. Washa ce da ta gaji ko bakin tiyo.

Man da ke cikin bututun nozul na fita da ƙarfin da ya ninka iskar taya sau ɗari ko fiye, yana huda fata. Ba a neman yoyo da yatsa, da guntun kwali ake nema, kuma wanda ya huda sai asibiti nan take ko da ramin bai fi na allura ba. A sababbin injuna masu kwamfuta, inda ƙarfin ke wuce 1,500 a ma'aunin matsi na "bar", ba a sassauta waɗannan bututu sam.

Babban famfo shi ne abin da aka fi zarga, shi ne kuma mafi tsada. Da yawa an kwance shi an kai gari, alhali filta ce ta toshe. Ba abin buɗewa a gindin bishiya ba ne. Masu gyaran famfo da nozul na da injin gwajinsu. Wanda zai cire shi ya yi alama a mazauninsa, domin in ya goce kaɗan lokacin feshi ya canza, an sayi sabuwar wuyar tashi ke nan.

Ƙura da matsi

Taraktar da ke haro a busasshiyar fadama cikin hazon hunturu tana aiki ne cikin gajimaren ƙurar da ita kanta ta tayar. Filtar iska ta takarda kan cika cikin kwanaki. Toshewarta ƙaramar matsala ce, babbar ita ce hujewarta. Direba ya bubbuga ta a jikin taya, ko ya wanke, ko ya cire ta gaba ɗaya don injin "ya sha iska sosai", sai yashi ya samu hanya. Gwajin mai sauƙi ne: a cire bututun da ke bayan filta, a shafa yatsa a ciki. In ya fito da jan gari, injin ya daɗe yana cin ƙasa, kuma ƙasar na goge ringi da silinda kamar sanfefa. Masu filtar da ke da kwanon mai a ƙasa sai su riƙa zubar da laka suna sabunta man.

Injin da matsinsa ya ragu yana da halinsa: da safe sai an roƙe shi, in ya yi zafi kuma kik ɗaya yake tashi. Yana shan man inji, bututun numfashinsa na fitar da hayaƙi. Kafin a yanke masa hukuncin buɗewa, a gwada hitoci, domin guda ɗaya ta mutu cikin uku ya isa ya kawo farin hayaƙi, sannan a saita bawul, aikin da bai fi awa ɗaya ba. Bayan nan ne ake sa ma'aunin matsi a kwatanta da adadin da ke littafin injin. Silindoji kada su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100.

Dabarun da ke jawo asara

Wasu kan kara tsumma mai fetur a bakin iska, ko su fesa maganin tayar da inji na gwangwani. Injin zai kama, amma da bugu mai fasa ringi, kuma in hita na da zafi abin na iya fashewa a fuskar mai yi. Turi ko ja da wata mota na yiwuwa a tarakta mai giyar hannu, ba ya aiki a mai giyar ruwa, illa ma ya lalata ta. Mafi haɗari shi ne haɗa kik da sukudireba mutum na tsaye a ƙasa gaban tayar baya, domin hakan na tsallake makullan kariya, in tarakta na cikin giya kansa za ta bi.

Akwai kuma wadda damina ke kawowa. Salansar tarakta sama take kallo, in ta kwana a waje ruwan sama na iya gangarawa har cikin silinda. Da safe kik zai ɗan motsa ya tsaya cak kamar an riƙe shi. Kada a sake murzawa, kada a tura, domin ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Sai a cire hitoci ko nozul, a juya injin da hannu ruwan ya fita, a duba man inji ko ya koma fari kamar koko. Gwangwanin madarar da ake gani kife a kan salansar taraktoci a ƙauyuka saboda wannan ne aka kifa shi.