Mene ne metabas, kuma ya cancanci a shige shi?

A ranar 28 ga Oktoban 2021 Mark Zuckerberg ya sanar cewa kamfanin Facebook ya canza suna ya koma Meta. Daga ranar kalmar metabas ta shiga bakin mutane. Wasu sun ɗauka wasan yara ne, wasu sun zaci sabon kuɗin intanet ne, wasu kuma aka ce musu nan da 'yan shekaru can za a riƙa zuwa ofis da kasuwa da makaranta.

Metabas wuri ne da aka gina da kwamfuta, mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda ta intanet. Kowa yana da siffar da ke wakiltarsa, wani ɗan mutum-mutumi da ake kira abata. Kai ke zaɓar masa fuska da tufafi. In ka juya kai ya juya, in ka yi magana na kusa da kai ya ji da ƙarfi, na nesa ya ji sama-sama. In ka fita kuma wurin ba ya rufewa, gobe ka dawo ka tarar da shi yadda wasu suka bar shi. A Facebook ko WhatsApp daga waje kake kallon allo. A nan so ake ka ji kana ciki.

Abin da ke kawo wannan jin ita ce fasahar da ake taƙaita sunanta da VR, wato gani kamar a zahiri. Na'ura ce kamar babban tabarau da ake ɗaurawa a fuska. Kowane ido ana nuna masa hoton da ya ɗan bambanta da na ɗaya idon, kamar dai yadda idanunmu ke ganin duniya, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. Ƙananan kyamarori a jikin na'urar suna bin motsin kanka, hoton yana sauyawa nan take. Mutane kan gauraya kalmomin biyu, amma VR ƙofa ce, metabas shi ne ɗakin, kuma wasu ɗakunan ana iya leƙa su da waya ko kwamfuta kawai.

Abin ya girmi Meta nesa ba kusa ba. Marubucin Amurka Neal Stephenson ne ya ƙirƙiro kalmar a littafinsa na ƙagaggen labari Snow Crash a 1992. Tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa na'urar fuska irin wannan, wadda sai da aka rataye wani sashe nata a rufin ɗaki. A 2003 kamfanin Linden Lab ya buɗe Second Life, inda mutane ke gina gidaje, suna saye da sayarwa da kuɗin wurin, har ƙasar Suwidin ta buɗe ofishin jakadanci a ciki a 2007. Aka yi ta yayata shi, daga baya ƙurar ta lafa, ya rage wa masu sonsa na gaske. Facebook kuwa ya shigo ne a 2014, da ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera na'urar VR kan kusan dala biliyan 2.

Ranar da na fara ɗaura na'urar, sai da aka ce in zana iyaka a ƙasa da abin riƙon hannu, don kada in yi karo da bango. Na buɗe ido na gan ni a kan wani siririn katako a saman dogon bene. Na san sarai a kan siminti nake tsaye, amma ƙafata ta ƙi ɗagawa, tafin hannuna ya jiƙe. Wannan ƙarfin gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai kafin rabin awa soson da ke manne da goshina ya sha gumi, wuyana ya gaji, zuciyata ta fara tashi. Da na cire, shatin na'urar na nan kwance a fuskata.

Tashin zuciyar yana da dalili. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, shi kuwa cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana cewa a tsaye ake. Saɓanin nan ne ke kawo jiri, irin wanda ke kama mai karatu a cikin mota. A 2022 masu bincike daga jami'ar Coburg ta Jamus da ta Cambridge a Ingila da wasu abokan aikinsu suka sa mutum 18 su yi aikin ofis na mako guda, awa takwas kullum, da na'urar a fuska. Biyu sun janye tun ranar farko saboda ciwon kai da tashin zuciya. Sauran suka ce idanunsu sun fi gajiya, takaici ya ƙaru, aikin kuma bai kai yadda suke yi a kan tebur ba. Wanda sana'arsa rubutu ce ko lissafi ko amsa saƙonni, ni ban ga abin da zai ƙaru da shi a can ba. Taron da za a yi da abata, kiran bidiyo ya riga ya yi shi, kuma a can fuskar mutum ta gaske kake gani.

Kamfanonin ma sun ji a jikinsu. Sashen Meta mai kula da wannan harka ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, sannan biliyan 16.1 a 2023. Microsoft ya rufe dandalinsa na AltspaceVR a watan Maris na 2023. Waɗanda suka sayi filaye a dandalin metabas irin su Decentraland da Sandbox a ƙarshen 2021, wasu a kan miliyoyin daloli, farashin ya ruguje a hannunsu cikin shekara guda. Wannan ne ya fi damuna, don matasanmu da aka saba jan su da alkawarin riba cikin dare ɗaya su ne irin waɗanda ake farauta da kalma mai ƙyalli. Fili a metabas rubutu ne kawai a kwamfuta, ranar da dandalin ya rufe babu inda za ka kai ƙara.

Ga kuma tsada. Tabarau ɗin Meta mai suna Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, Vision Pro na Apple ya fito a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, dukkansu batirinsu bai wuce awa biyu da 'yan kai ba. Mai fama da ɗaukewar wuta da tsadar data ya san abin da wannan ke nufi. Cin zarafi ma ya bi mutane har can: bayan koke-koken mata, Meta ya sa wa kowane abata shingen da ke hana baƙo matsowa kusa a 2022.

Inda fasahar ta nuna amfaninta shi ne atisaye, wato koyon abin da kuskure a cikinsa ke da tsada ko haɗari. Matuƙan jirgin sama sun daɗe suna koyo a ɗakin kwaikwayo kafin su taɓa jirgi. Likitocin tiyata suna maimaita aiki sau da yawa ba tare da an yanka kowa ba. A 2018 Walmart ya rarraba na'urori kusan 17,000 a shagunansa na Amurka don horar da ma'aikata. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani shirin VR na rage ciwon baya mai daɗewa. Duk waɗannan na ɗan lokaci ne, da manufa guda, a cire a koma bakin aiki.

Misalin da ya fi kusa da mu ya zo a Disambar 2021, lokacin da hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta ƙaddamar da shirin ganin Hajarul Aswad ta wannan na'ura, Sheikh Abdurrahman Sudais da kansa ya ɗaura ta. Nan da nan aka fara tambaya ko hakan zai tsaya a madadin Hajji, hukumar addini ta Turkiyya ta amsa cewa a'a, aikin Hajji sai an taka ƙasa mai tsarki. Amma ku tuna bitar maniyyata da ake yi a sansanonin alhazai, inda ake kafa samfurin Ka'aba ana zagayawa. Dattijuwar da ba ta taɓa fita ƙaramar hukumarsu ba, a ce ta ɗaura na'urar na minti goma, ta ga inda ake fara ɗawafi, ta ga hanyar Safa da Marwa, ta ga hawa-hawan Jamrat da yadda jama'a ke shiga ta nan su fita ta can. Na'ura goma za ta ishi sansani guda, a riƙa karɓa-karɓa, kuma ba sai kowace maniyyaciya ta sayi tata ba.