Zuwan Turawa Bai Kashe Bauta Nan Take Ba

Mutane da yawa sun ɗauka da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shi ke nan bayi sun sami 'yanci. Ba haka aka yi ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Amma bayin da ke hannu aka bar su wurin iyayengijinsu, don Turawa na gudun gandaye su mutu, sarakuna su juya musu baya. Bawa sai ya yi ta biyan murgu, wato kuɗin da yake ba ubangidansa don ya bar shi ya yi aikin kansa, ya tara kuɗin fansa, ya je gaban alƙali. Ƙwarƙwarori kuwa, abin tausayi, ko wannan hanyar da wuya su samu. Sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa.