Rééchelonnement: matakai aka ƙara wa tsani, katanga tana nan yadda take

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo a Yamai ba ka ji kalmar rééchelonnement ba, wato sake tsara biyan bashi a kan lokaci mai tsawo, ko daga bakin ƴan kasuwar da kaya suka kwanta musu, ko ma'aikatan da albashi ya daina kai su ƙarshen wata. Abin haushin yana wurin fassara. Mai labarai zai karanto ta daidai da Faransanci, in ya juyo Hausa sai ya ce "banki ya yi musu rangwame", wani ma ya zarce da "an yafe musu". Ko dala ba a yafe ba.

Tushen kalmar ya isa ya raba gardama. Échelle shi ne tsani, échelon kuma matakinsa. Wanda ya ci bashi yana gindin katanga ne, kowane biyan wata mataki guda. In ƙafarsa ta kasa kaiwa saboda matakan sun yi nisa da juna, sai banki ya kafa masa wasu a tsakani. Hawan ya yi sauƙi, gaskiya ne. Amma tsawon katangar bai ragu ba, kuma kowane watan da aka ƙara a kan tsanin nan akwai kuɗin hayarsa.

Ga lissafi. A ce saura sefa miliyan guda a kanka, ruwa kashi 12 cikin 100 a shekara. In za ka biya cikin wata 12, kusan jika 89 ne kowane wata, ruwan duka wajen jika 66. In aka shimfiɗa shi zuwa wata 36, biyan wata ya sauko kusan jika 33, ruwan kuwa ya haura wajen jika 196, ban da haraji da inshora. Wannan shi ake kira rangwame a rediyo. A ganina ciniki ne kawai: ka sayi numfashi, banki ya sayar.

Yafiya daban take, irin wadda Nijar ta samu a 2004 ƙarƙashin shirin PPTE na ƙasashe matalauta masu tarin bashi. Jinkiri ma daban: a 2020, lokacin korona, BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta nemi bankuna su ɗage wa masu bashi biya na wata 3, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ba ƙarin ruwa ba tara.

Duk da haka rééchelonnement ba abin gudu ba ne, in an yi shi kan lokaci. Ka je banki tun kafin wa'adin farko ya kuɓuce maka, domin bashin mutum in ya wuce kwana 90 ba biya, banki yana sa shi cikin basussuka masu shakku, daga nan kuma magana ta koma hannun masu karɓo bashi. Ka rubuta wa shugaban reshe takarda, ka haɗa da shaidar abin da ke shigo maka yanzu, ka faɗi adadin da za ka iya biya ko a watan da ya fi tsanani. Kada ka sa hannu sai ka ga sabon jadawalin biya da jimillarsa a ƙasa. Ka duba ko an narka tarar jinkiri cikin uwar kuɗi, don in an yi haka ita ma ruwa za ta riƙa haifa. Wanda ya tsaya maka kuma a sanar da shi, tun da nauyinsa ya ƙara tsawo.

Sai maganar suna. Bankuna da asusun ba da ƙananan rance suna aika tarihin biyanka ga Creditinfo, kamfanin da ke tara bayanan masu bashi a ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Sabon jadawali ba ya goge watannin da ka makara, sai dai biya a kan kari ya yi ta taruwa a bisansu. Kana da haƙƙin karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, in ka ga kuskure ka nemi gyara a rubuce. Ranar da ka gama biya, kada ka bar reshen sai da takardar shaidar cewa ba a bin ka komai.