Ɗaukar Masu Buƙata ta Musamman Aikin Gwamnati a Legas

Ɗaukar masu buƙata ta musamman aikin gwamnati yana nufin ware wa makafi, kurame, guragu, zabiya da sauran masu naƙasa wani kaso na guraben aiki a ma'aikatu da hukumomi, tare da gyara wurin aikin yadda zai ɗauke su. A Legas dokoki biyu ne ke aiki a kan batun, ta jiha da ta tarayya, kuma adadin da suka yanka ba ɗaya ba ne.

Dokar jiha ta riga ta tarayya. Gwamna Babatunde Fashola ya sa mata hannu a 2011, ita ce kuma ta kafa LASODA, ofishin jiha mai kula da lamuran masu naƙasa. Ta ce duk mai ɗaukar aiki da ma'aikatansa suka kai 100 ya ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari ga masu naƙasa da suka cancanta. Dokar tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a Janairun 2019, ta ɗaga kason zuwa kashi 5 a hukumomin gwamnati, a sashe na 29. Sashe na 28 ya haramta nuna bambanci wajen aiki, ya kuma yanka diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba a kan mutum, 500,000 a kan kamfani. Hukumar tarayya mai sa ido a kan dokar, NCPWD, ta fara aiki a 2020.

Raunin sashe na 29 yana cikin lafazinsa. Cewa ya yi a cika kason "gwargwadon iko", bai kuma faɗi hukuncin wanda ya ƙi ba. Wannan gibi ne babba, domin shugaban ma'aikata na iya cewa ba a samu wanda ya cancanta ba, maganar ta mutu a nan.

Ga Bahaushen Agege, Idi-Araba ko Mile 12, takardu ne cikas na farko. Aikin jiha yana bi ta hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha da ke Alausa a Ikeja, kuma ana neman katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar, da rajistar LASODA. Aikin tarayya, ko da a Legas ofishin yake kamar hukumar tashoshin jiragen ruwa da ke Marina, ana raba shi ne bisa jihar asali. Ke nan wanda aka haifa a Agege amma iyayensa 'yan Katsina ne, sai ya nemo takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali. Tafiyar nan ga mai keken guragu ba ƙaramin aiki ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke sarewa.

Bayan takardu sai jarrabawa, wadda yanzu galibi a kwamfuta ake yi. Makaho yana buƙatar manhajar da ke karanta masa allo da murya, irin su JAWS ko NVDA, da ƙarin lokaci. Idan hoto aka ɗora a maimakon rubutu, manhajar ba ta iya karanta shi, sai mai ilimi ya faɗi jarrabawar ba don rashin sani ba. Kurma kuwa yana buƙatar tafintan yaren hannu a ranar ganawa. Abin da ya fi shi ne mai nema ya rubuta buƙatarsa tun a fom, ya riƙe kwafi.

Ginin ofis ma yana korar mutum bayan ya samu aikin. Ma'aunin gangarar keke da aka saba bi shi ne 1 bisa 12: matakala mai tsayin santimita 15 tana buƙatar gangara mai tsawon santimita 180. Magina sukan taƙaita ta don tsimin fili, ta yi tsaye har keke ya nemi kifewa da baya. Haka ƙofar banɗaki mai ƙunci, da lif da ke tsayawa da zarar an ɗauke wuta. Dokar tarayya ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024.