Kurkure baki da man kwakwa: me yake yi, me ba ya yi?

A 'yan shekarun nan bidiyoyi sun cika Facebook da TikTok suna koya wa mutane guntsar man kwakwa da sassafe kafin a ci komai, a yi ta juya shi a baki minti 15 zuwa 20 sannan a tofar. Masu tallarsa suna cewa yana sa haƙora su yi fari tas, yana kashe warin baki, yana cike kogon haƙori, har ma yana zuƙo guba daga cikin jini. Tambayar ko hakan gaskiya ne ta fara zuwa mana wurin aiki, musamman daga mata da 'yan mata, shi ya sa na ga ya dace a yi bayaninta dalla-dalla.

Asalin wannan al'ada daga Indiya take. Tana cikin tsohon tsarin maganin gargajiyarsu da ake kira Ayurbeda, kuma tsofaffin littattafan likitancinsu sun ambace ta tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Man da suka fi amfani da shi a can shi ne man riɗi, wanda mu ma muke nomawa da yawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Man kwakwa ya yi tashe ne daga baya, lokacin da al'adar ta shiga Amurka da Turai ta hanyar intanet. An zaɓe shi saboda ɗanɗanonsa ya fi sauƙi a baki, kuma kusan rabin kitsen da ke cikinsa wani sinadari ne mai suna lorik, wanda a ɗakin gwaji aka ga yana iya raunana wasu ƙwayoyin cuta.

To, abin da ke faruwa a ɗakin gwaji daban, abin da ke faruwa a bakin mutum daban. An yi wasu ƙananan bincike, galibinsu a Indiya, da suka nuna raguwar dattin da ke manne wa haƙori da ɗan sauƙin kumburin dasashi. Amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, kwanakin gwajin ma kaɗan ne, kuma akasarinsu suna ci gaba da goge baki a lokacin. Saboda haka Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta ce babu ingantacciyar hujja da ta nuna cewa kurkurar mai tana rage ruɓewar haƙori ko tana sa shi fari, kuma ba ta ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin hanyar tsaftace baki ba.

Batun zuƙo guba kuwa ba gaskiya ba ne. Masu bidiyo suna nuna yadda man ke fitowa fari kamar madara su ce gubar ce ta fito. Mai ne kawai ya gauraya da yawu da iska saboda yawan juyawa. Ko a kwalba ka zuba mai da ruwa ka girgiza, launinsa zai sauya. Hanta da ƙoda su ne ke tace jini, fatar cikin baki ba ta wannan aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne batun kogon haƙori. Ruɓewa tana farawa ne idan ƙwayoyin cutar da ke baki suka samu sukari, daga alewa, biskit, lemon kwalba, ko shayin da aka cika wa sukari, sai su fitar da tsami mai cinye ɓawon haƙori a hankali. Da zarar rami ya buɗe, ba mai ko saiwar da za ta mayar da shi. Sai likitan haƙori ya share ya cike. Mutum zai ji haƙori na masa zogi idan ya sha ruwan sanyi, ya ce bari ya gwada man kwakwa wata guda. Kafin watan ya cika ruɓewar ta kai jijiya, kumatu ya kumbura, haƙorin da za a iya cikewa da kuɗi kaɗan ya koma sai cirewa. Irin wannan jinkirin ne asarar da muke gani, kuma ya fi duk wata illa da man kansa zai yi.

Baligi mai lafiya da ke son yi, ba zan hana shi ba, amma da sharuɗɗa. Cokalin shayi ɗaya ya isa a farko, kuma ba dole sai an kai minti 20 ba. Idan muƙamuƙi ya gaji ko zuciya ta fara tashi, a tsaya. A juya shi tsakanin haƙora, kada a ɗaga kai a yi ta gargara da shi a maƙogwaro, domin idan mai ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya jawo wani nau'in ciwon huhu, kuma likitoci sun rubuta rahoton waɗanda hakan ya same su ta wannan hanyar. Kada a haɗiye. A tofar a cikin takarda ko kwandon shara, domin man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da maki 24 a ma'aunin Salshiyas, kuma da hunturu zai toshe bututun ruwa. Bayan an gama a kurkure da ruwa a goge baki kamar kullum. Ƙananan yara, tsofaffi masu wahalar haɗiya, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, kada a ba su ko kaɗan.

Abin da hujja ta tabbatar ya fi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar goge haƙora sau biyu a rana da makilin mai sinadarin fuloraid, kuma a duba jikin kwalin a ga adadin fuloraid ɗin, wanda ake rubutawa da ma'aunin ppm, tsakanin 1000 zuwa 1500. Minti biyu, da buroshi mai laushi, a bi har gindin dasashi. Na dare shi ne ya fi muhimmanci, saboda yawu yana raguwa lokacin barci. Bayan an goge a tofar da kumfar kawai, kada a bi da ruwa da yawa, don sinadarin ya zauna a kan haƙori. Asuwaki da muka gada kuma muke yi saboda sunna yana da amfani na gaske, domin yana kankare datti da gogayya, abin da mai ba ya iya yi. A riƙa yanke bakinsa ana sabunta shi, a kuma rage danna shi da ƙarfi a kan dasashi. Mai fama da warin baki ya goge harshe, ya yawaita shan ruwa, idan bai daina ba ya je a duba shi. Launin da goro da taba suka bari kuwa sai wankin asibiti.

Iyaye mata, ku nake roƙo musamman. Idan yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman wanda ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa ya fara jini, bakinsa na wari sosai, yana dalalar da yawu, ko kumatunsa ya kumbura, kada a tsaya shafa mai ko jiƙa saiwa. Wannan na iya zama farkon noma, cutar da wasu ke kira ciwon iska, wadda ke cinye naman fuska cikin 'yan kwanaki. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. Idan aka kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A kai yaron asibiti mafi kusa a ranar da aka ga alamar.